Babi na Huɗu: Ganuwar Amina a Ma'aunin Nazari

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayanin unguwar Kusfa da matsayinta a cikin birnin Zariya, tare da jerin wuraren tarihi da ke kewaye da birnin. A wannan babi kuma za a yi tsokaci ne a kan wata magana guda wadda ta yi kaka-gida a bakunan jama'a da littattafan makaranta, har ma da kundayen ɗalibai, watau cewa Sarauniya Amina ce ta gina ganuwar Zariya da sauran ganuwoyin ƙasar Hausa. Za a auna wannan magana da ma'auni uku: ruwayar baka, da rubutattun littattafai, da kuma abubuwan da masana ilmin tonon kayan tarihi suka samo a cikin ƙasa. Ra'ayin da wannan babi zai kare shi ne, sunan Amina yana bayyana dalilin shaharar ganuwa, amma bai isa ya zama hujjar shekarunta ba. Hujjar shekarun tana binne a ƙarƙashin ganuwar kanta da ƙarƙashin tsofaffin unguwanni irin su Kusfa, kuma kullum raguwa take yi.

4.1 Ruwayar Baka

Duk yaron da ya tashi a Kusfa, ko a wata unguwa ta cikin birni, ya ji wannan labari tun kafin ya shiga makarantar boko. Ana cewa Bakwa Turunku na da 'ya'ya mata biyu, Amina da Zariya, kuma sunan ƙaramar ne birnin ya ci. Ana cewa ƙarancin ruwa ne ya sa aka taso daga Turunku, wadda ke kudu, a ƙaramar hukumar Igabi ta yanzu, aka komo gindin dutsen Kufena, daga baya aka zauna inda birni yake a yau. Ita kuwa Amina, aka ce ba ta da aiki sai yaƙi, duk inda ta yada zango sai ta sa a kewaye sansaninta da ganuwa. Wannan ne ya sa a wurare da dama na ƙasar Hausa, idan aka ga tsohuwar ganuwa da ta zaizaye, sai a kira ta ganuwar Amina.

Ba daidai ba ne manazarci ya yi watsi da wannan ruwaya, domin Bahaushe na cewa ruwa ba ya tsami banza. Ruwayar ta adana abubuwa biyu masu muhimmanci, watau tunawa da wani zamani da Zazzau ta yi ƙarfi a kan maƙwabtanta, da kuma tunawa da cewa cibiyar mulki ta yi ƙaura fiye da sau ɗaya. Sai dai tana da rauni ta fuska uku. Na farko, ba ta ɗauke da shekara. Na biyu, ɗabi'ar ruwayar baka ce ta tattara aikin mutane da yawa ta ɗora wa mutum guda wanda sunansa ya fi fita. Ko a kan Bakwa kansa masu ruwaya sun rabu, wasu na cewa namiji ne, wasu na cewa mace. Na uku, wanda shi ne masu kundaye suka fi mantawa da shi, ruwayar ta daɗe da cuɗanya da rubutu. Tun daga ɗan littafin nan na Hausa a kan Amina da aka buga a Zariya a 1954, zuwa kan sarkin aika wasiƙa mai ɗauke da hotonta na 1975, har zuwa fim ɗin da aka fitar da sunanta a 2021, jama'a suna karɓar labarin daga takarda da majigi, su mayar da shi baki. Saboda haka idan ɗalibi ya yi hira da dattijo a yau, yana iya yiwuwa abin da ya rubuta a matsayin gadon kaka da kakanni, darasin aji huɗu ne na firamare ya dawo masa ta bayan gida.

4.2 Rubutattun Madogara da Saɓaninsu

Madogara uku ne akasarin marubuta ke jingina da su a kan Amina, kuma idan aka jera su wuri guda za a ga ba su yi magana da murya ɗaya ba.

Na farko shi ne littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, sannan ya fito da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Masana da dama suna ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka haɗa shi a siffar da aka san shi yanzu. Wannan littafi ya kawo Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda lissafin Palmer ya ba shi 1421 zuwa 1438. Ya nuna ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma yaƙe-yaƙenta sun ɗauki shekara 34. Abin lura a nan shi ne, wannan sashe bai ambaci ginin ganuwa ba.

Na biyu shi ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812. Shi ma ya ambace ta a matsayin 'yar Sarkin Zazzau wadda ta yi yaƙe-yaƙe har Kano da Katsina suka ba ta haraji, ya kuma nuna a Atagara ta rasu. Bai ba da shekara ba, kuma abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne yaƙi da haraji.

Na uku shi ne jerin sunayen sarakunan Zazzau na Haɓe, wanda E. J. Arnett ya buga a littafinsa na lardin Zazzau a 1920. Jerin ya ƙunshi sarakuna 60, daga Gunguma zuwa Makau, wanda masu jihadi suka kora a farkon ƙarni na 19. Bakwa Turunku shi ne na 22, kuma lissafin da aka yi ta hanyar ƙidaya shekarun sarauta da baya-baya ya ajiye hawansa a wajajen 1536. Sunan Amina bai fito a cikin wannan jeri a matsayin wadda ta hau gadon sarauta ba.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Idan Amina 'yar Bakwa ce, to ta rayu a ƙarni na 16. Idan kuwa ta yi zamani da Dauda, to ta rayu a farkon ƙarni na 15. Abdullahi Smith (1970) ya rinjayar da ƙarni na 16, ya ajiye ta bayan rasuwar Sarki Karama a 1576. Tsakanin 1421 da 1576 akwai shekara 155. Amma a yau littattafan makaranta da kundaye da yawa suna rubuta cewa ta yi mulki daga 1576 zuwa 1610, babu ko alamar tababa. Duk wanda ya yi lissafi zai ga cewa 1576 a tara da 34 shi ke ba da 1610. Ga dukkan alamu, an ɗauki mafarin daga jerin sarakunan Zazzau, aka ɗauki tsawon daga Tarihin Kano, aka ɗaura wa madogara biyu masu saɓani aure, sannan aka miƙa wa mai karatu abin da suka haifa a matsayin tabbataccen tarihi. Wannan kuskure ne na hanyar nazari, ko da kuwa a ce wata rana bincike ya nuna shekarun sun dace.

Har ila yau, Tarihin Kano da ake kafa hujja da shi a kan Amina, shi ne kuma ya rushe da'awar cewa da ita aka fara ganuwa a ƙasar Hausa. Littafin ya nuna Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya soma ginin ganuwar Kano, watau kusan shekara 300 kafin Dauda, kuma sarakunan baya, irin su Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), suka yi ta faɗaɗa ta. Ba zai yiwu marubuci ya karɓi shaidar littafi a shafin da ya yi masa daɗi, ya kau da kai a shafin da ya ƙaryata shi ba. Haka kuma littafin ya nuna lokacin da Sarkin Kano Kanajeji (1390 zuwa 1410) ya kai wa Zazzau yaƙi, Turunku ya nufa. Wannan ya ƙarfafa ruwayar baka a kan cewa Turunku ta riga Zariya zama cibiya, kuma misali ne na yadda ya kamata a riƙa gwama madogara: a karɓi inda suka haɗu, a bayyana inda suka rabu.

4.3 Shaidar da ke Cikin Ƙasa

Kafin a shiga wannan sashe ya kamata a yi ɗan bayani a kan yadda ake gane shekarun abin da aka tono. Kowane abu mai rai, itace ne ko dabba, yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon wanda ke fara raguwa daga ranar da abin ya mutu, kuma rabinsa ke ƙarewa a cikin kimanin shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage a cikin gawayi ko ƙashi, sai a ƙiyasta lokacin mutuwarsa, da ɗan rata gaba ko baya. Wani masani Ba'amurke, Willard Libby, shi ya fito da wannan hanya a ƙarshen shekarun 1940.

Da wannan hanya aka auna gawayin da aka samu a wuraren narkar da tama na Samaru ta Yamma, kusa da harabar Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka tarar da gurabun murahun narka ƙarfe da tulin kashin tama. Awon ya nuna ana wannan sana'a a wurin tun kafin shekara ta 1000 ta Miladiyya. Wannan ya yi daidai da abin da aka samu a gindin dutsen Dala a Kano, inda awo ya kai ƙarni na 7. A Kufena kuma, wanda ke yamma da birni, akwai tsingaro da duwatsun niƙa da alamun tsofaffin gidaje a kan dutsen da gindinsa. Akwai kuma ganuwa fiye da ɗaya a wannan yanki: ga wadda ta kewaye birnin yanzu, mai tsawon da ake ƙiyasta shi tsakanin kilomita 14 da 16, mai ƙofofi irin su Doka da Kuyambana da Gayan da Kona da Bai da Galadima da Jatau da Kibo, ga kuma wata tsohuwa da ta zaizaye ƙwarai, wadda ta kewayo Kufena, wadda ita ce aka fi laƙaba wa sunan Amina.

Daga nan za a iya fitar da abubuwa biyu. Na farko, mutane sun zauna a wannan wuri, suna noma, suna ƙira, ɗaruruwan shekaru kafin Amina, ko da wane lissafi aka ɗauka. Na biyu, ganuwoyin ba aikin rana ɗaya ba ne. Layi ne a kan layi, wani ya riga wani.

Amma adalci ya wajabta a faɗi iyakar wannan shaida ita ma. Gawayin da aka samu a murhun tama shekarun murhun yake faɗa, ba shekarun ganuwar da ke nesa da shi ba. Ita ganuwar ƙasa kuwa tana da wuyar sha'ani, domin a da, bayan kowace damina akan yi gayya a ɗebo ƙasa daga ramin da ke bayanta a yi mata yaɓe, ta haka tsohuwar ƙasa da sabuwa suke cakuɗewa. Zaizayewa ma ba ma'aunin tsufa ba ce, domin ganuwar da aka daina gyarawa takan riga wadda ta girme ta lalacewa. Hanyar da ta fi inganci ita ce a yanka rami a gicciye, daga saman ganuwa har zuwa asalin ƙasar da aka ɗora ta a kai, a auna abin da aka tarar a ƙarƙashin tushe. A yanzu ma akwai wata hanya ta auna lokacin da ƙwayar yashi ta yi rabuwar ƙarshe da hasken rana, wadda ta dace da irin wannan gini ƙwarai.

Akwai wani kuskure kuma da ya kamata a ja hankali a kansa. Kundaye da dama sukan buɗe tarihin Zazzau da gumakan Nok, daga nan su yi tsalle su dira a kan Amina kamar dai sarƙa ce guda. Gaskiya ne ƙauyen Nok yana cikin tsohon lardin Zazzau, kuma a can masu haƙar kuza suka tono gunkin yumɓu na farko a 1928, Bernard Fagg ya zurfafa bincike daga shekarun 1940, ya kuma tono murahun tama a Taruga a shekarun 1960. Binciken da masana na Jami'ar Farankfot ta Jamus suka soma a 2005 ya mayar da mafarin al'adar Nok zuwa wajajen shekara 1,500 kafin Miladiyya, ƙarshenta kuma wajajen farkon Miladiyya. Ke nan tsakanin ƙarshen Nok da Amina akwai sama da shekara 1,400. Iyakar lardi da Turawa suka shata ba ta isa ta zama dangantakar jini ba.

4.4 Tsokaci a kan Ayyukan Smith da Sutton

Masana biyu ne suka fi yin tasiri a kan yadda ake kallon wannan batu a jami'a, kuma dukansu sun koyar a Jami'ar Ahmadu Bello.

Abdullahi Smith ya kawar da hankalin manazarta daga neman wani baƙo guda da ya zo ya kafa sarauta, ya mayar da shi ga yadda al'umma ke girma daga gida zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni. Ya nuna duwatsu irin su Dala da Kufena da Turunku sun jawo mazauna saboda tsaro da ruwa da ƙasar noma da tama, da kuma imanin mutanen da cewa mazaunin iskoki ne. Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne ya ba talaka, manomi da maƙeri, gurbi a cikin tarihi, kuma ya yi daidai da abin da aka gani a ƙasa. Rauninsa shi ne, idan aka zo kan shekaru, dole ya koma ga jerin sarakunan nan da aka nuna matsalarsa a sama. Smith kansa ya yi taka-tsantsan a lafazinsa. Masu kwafe shi ne suka zubar da “mai yiwuwa” suka riƙe lambobin.

J. E. G. Sutton kuma, a shekarun 1970, ya taka ganuwoyin Zariya da Kufena da ƙafa, ya zana taswirarsu, ya kuma yi rubutu a kan narkar da tama a kewayen Zariya. A maƙalarsa ta 1979 ya nemi a sake duban tarihin ƙasar Hausa ba tare da an ɗaure shi da labarin Bayajida ba. Bayansa Kwaku Effah-Gyamfi, ɗan ƙasar Gana, ya ci gaba da tono a Samaru ta Yamma da nazarin tsofaffin birane. Amfanin wannan aiki shi ne ya mayar da ganuwa abin da ake aunawa, ba abin da ake yi wa kirari kawai ba. Sai dai yana da naƙasu biyu. Na farko, yawancinsa duban sarari ne; irin wannan dubawa tana iya nuna wace ganuwa ta riga wata, amma ba ta iya cewa a wace shekara. Na biyu, sakamakon ya fito ne da Ingilishi, a cikin takardun jami'a da mujallun masana, bai tsallako Ƙofar Doka ya shigo cikin birni ba. Mutumin da ke kwana yana tashi a gindin ganuwa bai san an taɓa auna ta ba. Idan aka zargi jama'a da riƙe tatsuniya, to sai a fara zargin masana da rowar abin da suka gano.

4.5 Giɓin Cikin Birni: Misalin Kusfa

Idan aka duba ayyukan da aka ambata za a ga sun karkata ga Kufena da Turunku da Samaru, watau wuraren da babu cunkoson gidaje. Dalilin a fili yake, domin tono a fili ya fi tono a tsakar gidan mutum sauƙi. Amma sakamakon haka shi ne, cikin birni, inda tambayar take, shi ya fi ƙarancin samun kulawa. Tambayar kuwa ita ce, yaushe aka fara zama a cikin wannan ganuwa, a kewayen dutsen Madarkaci da sauran tsofaffin unguwanni?

Unguwa irin Kusfa kufai ne mai rai. Gidan ƙasa idan ya faɗi, a kan ɓaraguzansa ake tayar da sabo, don haka ƙasa takan yi ta hawa, kowane zamani ya bar shimfiɗarsa a kan ta wanda ya gabace shi. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, gefensu kamar littafi ne buɗaɗɗe. A lokacin tattara bayanan wannan kundi, mai wannan nazari ya tsaya a bakin ramin harsashin wani gida da ake sabuntawa da bulon siminti, ya ga tsingaro iri-iri da toka da guntun lofe suna fitowa a kan shebur, ana lodawa a baro ana kai wa cikon kududdufi. Babu wanda ya yi laifi a cikin ma'aikatan, domin a wurinsu shara ce. Amma guntun lofe kaɗai hujja ce babba: taba daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta yaɗu a Afirka ta Yamma ba sai wajajen 1600, don haka duk shimfiɗar da aka samu lofen taba a cikinta ba ta riga wannan lokaci ba, abin da ke can ƙarƙashinta kuma ya girme ta. Da irin wannan ƙaramar shaida ake gina tarihin birni.

Kusfa ta shahara da malamai da karatu, kuma a irin wannan unguwa takarda tana da daraja, har ana gadonta. Abin da ya fito daga ƙasa kuwa ba ya samun wannan gata. Gatarin dutse na mutanen da, wanda Hausawa ke kira gatarin aradu bisa zaton cewa tare da tsawa yake faɗowa, yakan ƙare a hannun masu magani. Abin da ya yi kama da gunki kuma akan guje shi a matsayin ragowar jahiliyya. A ra'ayin mai wannan nazari, amsar wannan matsala tana cikin karatun unguwar kansa. Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da duban kufan al'ummun da suka shuɗe domin ɗaukar izina, kuma adana abu don nazari daban yake da girmama shi don bauta. Bugu da ƙari, malaman da suka san ilmin isnadi, waɗanda ba sa karɓar ruwaya sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, su ne suka fi kowa cancantar su tambayi isnadin maganar “Amina ce ta gina”. Ibn Haldun ma ya yi gargaɗi a Muƙaddimarsa a kan karɓar labari ba tare da an auna shi da hankali ba.

4.6 Darasi daga Wasu Wurare

Ba Zazzau kaɗai ke jingina babban gini ga shahararriyar mace ba. A ƙasar Ijebu akwai wata doguwar ganuwa mai rami, Sungbo Eredo, mai tsawon kimanin kilomita 160, wadda ruwaya ta danganta da wata Bilikisu Sungbo, har wasu suka ce ita ce Bilkisu ta zamanin Annabi Sulaimanu. Awon da aka yi ya nuna ginin ya zo bayan wancan zamani da shekaru masu ɗimbin yawa, a cikin Miladiyya. Haka Turawa suka daɗe suna jingina gine-ginen dutse na Zimbabuwe ga mutanen Bilkisu, sai da tonon 1905 da na 1929 suka tabbatar da cewa aikin 'yan Afirka ne. A duk wuraren biyu, awo bai rage wa wurin daraja ba.

Misali mafi kusa shi ne Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina. Ruwaya ta ce kaburburan sarakunan farko ne. Palmer ya yi tono a 1907, aka sake yi a 1992, daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka tsabtace su aka auna. An samu wuri da kwanonin tagulla da awarwaron hauren giwa da kayan ado na zinariya, kuma awo ya ajiye kaburburan tsakanin wajajen ƙarni na 13 da na 16. A nan ƙasa ta gaskata jigon ruwaya, ta kuma ƙara abin da ruwaya ba ta sani ba, watau nisan cinikin Katsina a wancan zamani. Saboda haka masu tsoron kada bincike ya ƙwace wa Amina ganuwarta su kwantar da hankalinsu. Yana iya tabbatar mata da wani sashe, ya mayar wa wasu magina nasu.

4.7 Halin da Ganuwa ke Ciki

Da a ce ganuwa za ta jira, da wannan muhawara ba ta da gaggawa. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya shigo Zariya a 1826, ya tarar da ganuwa ta kewaye gidaje da gonaki da fadamu. Bayan zuwan Turawan mulki a farkon ƙarni na 20, amfaninta na tsaro ya ƙare, gayyar gyaranta ta mutu. Daga nan ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasar gini suka ci nasu, gidaje suka hau kan wasu sassa, filayen cikin birni kuma suka yi ta cikewa. Ganuwar Zariya da dutsen Kufena suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, kuma doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta Nijeriya, ta hana tono da fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Amma doka a takarda ba ta tare shebur.

Ruftawar wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya a watan Agusta na 2023, wadda ta yi sanadin rasuwar masallata, Allah Ya jiƙansu, ta nuna cewa ginin ƙasa, ko da na Babban Gwani ne na shekarun 1830, ba ya rayuwa sai da kulawa. Idan haka ta faru da ginin da ake shiga kullum, to ina ga ganuwar da babu mai ita? Masallaci ana iya sake gina shi, amma shimfiɗar ƙasa idan aka kwashe ta, shaidar da ke cikinta ta tafi ke nan.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa ruwayar baka ta adana tunawa da ƙarfin Zazzau da ƙaurar cibiyarta, amma ba ta da shekara, kuma ta cuɗanya da rubutun zamani. An nuna rubutattun madogara sun saɓa da juna da shekara 155, kuma shekarun 1576 zuwa 1610 da ake yawan kawowa, ga alama, haɗin gambiza ne. An kuma nuna shaidar ƙasa ta tabbatar da zama da ƙira a kewayen Zariya kafin shekara ta 1000, da ganuwoyi masu hawa-hawa, duk da cewa ita ma tana da iyaka.

Bisa wannan, ana ba da shawara uku. Masu rubuta kundaye su riƙa rubuta “ganuwar da ake dangantawa da Amina”, su kuma bayyana madogarar kowace shekara da suka kawo. Masana su yanka ramin bincike a sassan ganuwa da suka rage, su kuma fassara sakamakon zuwa Hausa. Masu unguwanni da malamai, musamman a tsofaffin unguwanni irin su Kusfa, su riƙa sanar da jami'a idan za a haƙa babban harsashi ko rijiya, domin a duba abin da ya fito kafin a zubar. A babi na gaba za a dubi sunayen ƙofofi da unguwannin birnin Zariya, domin ganin irin shaidar da harshe ya adana a kan wannan batu.